Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamitin Ɗa'ar Binciken Lafiya Na Ƙasa: A Raba Kuɗin Giya Da Binciken Lafiya

Zuwa ga Shugaba da Membobin Kwamitin Ɗa'ar Binciken Lafiya na Ƙasa, NHREC, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, Abuja.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ku da iyalanku. Allah ya taya ku riƙon wannan amana, domin duk wanda ya dangwala yatsa a takardar yarda a yi bincike a jikinsa a ƙasar nan, a bayanku ya fake, ko ya san da zamanku ko bai sani ba.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Na yi ritaya bayan shekara 33 ina aiki, mafi yawansu a ɗakin kwanciya na maza. Maganar nan ba tawa ba ce ni kaɗai. Akwai abokan aikina na da, mata da maza, Musulmi da Kirista, waɗanda muka zauna muka tattauna ta kafin su ce in rubuta. Akwai kuma waɗanda ba za su taɓa rubuto muku ba: matan da suka yi jinyar miji mai kumburarren ciki suna gaya wa maƙwabta wai sammu ne, da 'ya'yan da suka binne uba ba su iya faɗin abin da ya kwantar da shi ba. Da bakinsu nake magana.

Abin da ya kawo ni gabanku wata ƙofa ce da aka bari a buɗe. Ƙasar nan ta shiga yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba sigari, wadda sashenta na 5.3 ya wajabta wa gwamnatoci su tsare manufofin lafiya daga masu cin ribar taba, kuma ta yi tata dokar a 2015. Giya ba ta da irin wannan yarjejeniya a duniya, ba ta da irin wannan doka a gida. Kamfanin da ke sayar da giya yana iya biyan kuɗin bincike a kan lafiyar masu shanta, sakamako ya fito da tambarin jami'a a goshinsa. An riga an gwada wannan hanya, kuma da sunan Najeriya a cikin lissafin.

Na san da yawanku kun san labarin, amma ku yi haƙuri in maimaita shi saboda jama'ar da za su karanta tare da ku. A Amurka akwai hukumar gwamnati da ake kira NIH, wadda babu kamarta a duniya wajen zuba kuɗi a binciken lafiya. Reshenta mai kula da harkar giya, NIAAA, ya tsaya wa wani gagarumin gwaji mai suna MACH15. Za a ɗebi mutum 7,800 masu shekara 50 zuwa sama waɗanda ke cikin haɗarin ciwon zuciya, a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Gida ɗaya zai riƙa shan kofi guda na giya kullum, ɗayan ya ƙaurace mata, a bi su kimanin shekara 6 a ga inda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da ciwon suga za su fi yawa. Kuɗin aikin dala miliyan 100 ne. Kusan miliyan 68 daga ciki alkawarin kamfanonin giya biyar ne: Anheuser-Busch InBev, Heineken, Diageo, Pernod Ricard da Carlsberg. Aka ce kuɗin za su bi ta hannun wata gidauniya mai karɓa wa NIH gudummawa, gidauniyar kuma ita ce katangar da za ta raba masu kuɗi da masu bincike. An tsara cibiyoyi 16 a Amurka da Turai da Kudancin Amurka da Afirka, Najeriya na ciki.

Ba baƙinmu ba ne waɗannan kamfanoni. Heineken ne ke da kaso mafi rinjaye a Nigerian Breweries, mai masana'anta a nan Kaduna. A wancan lokaci Diageo ke riƙe da Guinness Nigeria, kafin ya sayar da kasonsa a 2024. Anheuser-Busch InBev kuma shi ke da International Breweries. Uku cikin biyar na masu biyan kuɗin gwajin suna da kasuwa a tsakaninmu.

A watan Maris na 2018 wata 'yar jaridar New York Times, Roni Caryn Rabin, ta wallafa labari a kan saƙonni da takardun tafiye-tafiye da ta samo ta hanyar dokar 'yancin samun bayanai. Sai ga shi tun 2013 da 2014 jami'an hukumar da wasu masana suna zama da manyan 'yan kasuwar giya suna neman kuɗi, suna nuna musu cewa wannan gwaji ne zai iya samar da hujjar da za a kafa a shawarci mutane su sa giya cikin abincinsu na yau da kullum. An tallata sakamakon tun ba a ɗauki mutum ko ɗaya ba. A watan Mayu aka dakatar da ɗaukar mutane, ranar 15 ga Yuni shugaban NIH, Dakta Francis Collins, ya soke aikin gaba ɗaya. Mutum 105 aka riga aka ɗauka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rahoton kwamitin da NIH ta kafa. Ya gano wasu ma'aikata sun ɓoye wa abokan aikinsu hulɗarsu da kamfanonin, wannan kuwa laifi ne da ake iya hukuntawa a wuce wurin. Amma ya gano abin da ya fi haka zurfi: tsarin gwajin kansa ya karkata. Yawan mutanen da tsawon lokacin sun isa a hango amfani ga zuciya idan akwai shi, amma ba su isa a hango ciwon daji ba, wanda kan ɗauki shekaru da yawa kafin ya fito. Gazawar zuciya, wadda duk ma'aikacin asibiti ya san giya na haddasa ta, ba ta cikin manyan abubuwan da za a yanke hukunci da su. An kuma tace mutanen da za su shiga, aka cire masu ciwon hanta da masu tarihin shaye-shaye da sauran waɗanda giya ta fi saurin kayarwa. Cire su daidai ne don kare su, amma ranar da labari zai fito a rediyo babu mai faɗa wa direban da ke sauraro cewa irinsa ba ya cikin waɗanda aka gwada.

Duk macen da ta taɓa awon hatsi a kasuwa ta san wannan. Idan an riga an buge gindin mudu, mai awo ba ya bukatar yin ƙarya a ƙirge. Zai ƙirga miki goma cif a gaban idonki, yana rantsuwa kuma gaskiya yake faɗa, ki isa gida ki tarar tara ne. Likitan jami'ar Harvard da ya jagoranci aikin ya dage cewa kamfanonin ba su tsoma masa baki ba, ni kuma ban zo in buɗe zuciyar kowa ba. Na zo in ce kwamitin ɗa'a da ya duba takardar yarda kawai, ya duba ko an yi wa mutane bayani, bai tambayi wa ya zaɓi tambayar ba, ya duba ƙirge ne ya bar mudu.

Me ya sa kamfanoni za su zuba dukiya haka a kan kofi ɗaya? Saboda maganar "kaɗan magani ce" ta fi kowace talla kawo musu ciniki. A watan Nuwamba na 1991 wani shirin talabijin na Amurka, 60 Minutes, ya ce mutanen Faransa suna cin maiƙo amma ciwon zuciya bai dame su ba, mai yiwuwa saboda jar giyar inabi. Cinikin jar giya a Amurka ya yi tashin gwauron zabi. Daga nan magana ta zaga duniya, ta shiga jaridu da gidajen rediyo, ta iso har gidanmu.

Yayana ma'aikacin gwamnati ne, mutum mai kunya da kyauta, shi ya biya mini kuɗin makarantar jinya. Yana sha, a ɓoye, kuma gidan duka mun sani muna yi kamar ba mu sani ba. Ranar da na yi ta maza na same shi a ɗakinsa na ce, "Yaya, don Allah ka dubi yaran nan," sai ya buɗe jakarsa ya ɗauko wata 'yar takarda da ya yanko daga jarida, har ta tsufa a ninke. Ya ce, "Ke da kike asibiti, ba ki ga abin da likitocin Turai suka ce ba? Kaɗan ɗin nan wanke zuciya yake yi." Na tsaya da farin kayana ban da amsa, domin a lokacin mu ma abin da muke ji ke nan. Da malami ya yi masa wa'azi ya san yana saɓo, yana jin nauyi. Takardar nan ce ta ɗauke masa nauyin, ta kuma rufe mini baki. Ya rasu yana da shekara 54, da ciwon dajin maƙoshi, ruwa ma ba ya wucewa. Ba na cewa takarda ce ta kashe shi, ajali na Allah ne. Amma na san shekara nawa ya yi yana kare kansa da ita.

Abin baƙin cikin shi ne tun kafin a buga waccan takarda akwai masu nuna inda kuskuren yake. A 1988 Farfesa Gerald Shaper da abokan aikinsa a Ingila suka nuna cewa rukunin "marasa sha" da ake kwatanta masu sha da su cike yake da mutanen da ciwo ne ya raba su da kwalba. Mutum ya sha shekara 20, hawan jini ko ciwon suga ya kama shi, likita ya hana shi, sai mai bincike ya zo ya rubuta shi cikin marasa sha. In ya mutu, mutuwarsa ta hau kan rashin sha. Mai shan kaɗan kuma sau da yawa mai hali ne, yana cin abinci mai kyau, yana ganin likita. Dole ya fito kamar ya fi lafiya.

Na tsaya a nan domin a wurinmu wannan matsala ninki biyu ce. Na cike takardun tarihin marasa lafiya ba adadi. In ka tambayi magidanci a gaban matarsa ko ƙaninsa, "Kana shan giya?" amsar ita ce "A'uzubillahi." Sai dare ya raba, kowa ya tafi, ya kira ki a hankali ya ce, "Sista, akwai maganar da ban faɗa ba." Duk binciken da aka gina a kan amsar farko, ƙasa ce mai laushi da mai kuɗi zai iya shuka abin da ya ga dama a ciki.

Da aka gyara waɗannan kurakurai, amfanin ya narke. A 2023 Tim Stockwell da abokan aikinsa a Kanada suka haɗa bincike 107 da suka shafi mutum sama da miliyan 4.8, suka tarar mai shan kaɗan bai fi wanda bai taɓa sha ba tsawon rai. A 2019 mujallar Lancet ta buga wani nazari a kan mutum sama da 500,000 a ƙasar Sin. A can akwai masu wani gadon halitta da ke sa fuskarsu ta yi ja, zuciyarsu ta tashi da sun kurɓi giya, don haka ba sa sha sosai, mai kuɗi ne ko talaka, lafiyayye ne ko majinyaci. Allah ya riga ya yi ƙuri'ar da kansa. Sakamakon ya nuna hawan jini da shanyewar ɓarin jiki suna hawa ne daidai da yawan sha, babu wani mataki da giya ke ba da kariya daga gare su.

Ciwon daji kuwa tsohon zance ne. Tun 1988 hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sa giya a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa shi, rukuni ɗaya da taba. Jiki na juya barasa zuwa wani sinadari mai lalata ƙwayoyin halitta, kuma aƙalla wurare bakwai abin ke shafa: baki, maƙogwaro, akwatin murya, maƙoshi, hanta, babban hanji, da maman mata. An ƙiyasta sababbin masu ciwon daji kimanin 741,000 a 2020 giya ce sanadinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Turai da Afirka ne kan gaba. A Janairun 2023 hukumar ta fito fili ta ce babu wani adadin giya da za a ce ba shi da illa ga lafiya.

Kada a ce abin da ya faru a Amurka tuntuɓe ne na rana ɗaya. A 2021 Su Golder da Jim McCambridge na jami'ar York suka duba manyan nazarce-nazarce 60 da aka yi a kan giya da cututtukan zuciya. Guda 14 marubutansu suna da tarihin karɓar kuɗin masana'antar giya, kuma duka 14 ɗin sun ce giya na kare zuciya. Sauran, waɗanda ba su da wannan alaƙa, ra'ayinsu ya rabu. Biri ya yi kama da mutum. A 2017 Mark Petticrew da abokan aikinsa a Landan suka bi shafuka da takardun ƙungiyoyi 26 masu alaƙa da masana'antar, irin waɗanda ke cewa suna wayar da kan jama'a, suka tarar mafi yawansu ko dai suna musun alaƙar giya da ciwon daji, ko suna rage mata ƙarfi, ko suna kawar da hankali daga kanta, musamman dajin mama da na hanji. A ƙarshen wannan shekara, a yankin Yukon na Kanada, masu bincike suka fara liƙa gargaɗin ciwon daji a jikin kwalabe a wani shago na garin Whitehorse don su ga ko mutane za su lura. Cikin kimanin wata guda matsin lambar masana'antar ya sa aka tsayar da aikin, da aka dawo kuma babu gargaɗin ciwon dajin. Binciken da suke so suna biya, wanda ba sa so suna tarewa.

A nahiyarmu abin ya wuce bincike, ya kai ga rubuta wa gwamnati manufa. A 2010 wasu 'yan Norway biyu, Bakke da Endal, suka nuna a mujallar Addiction cewa daftarin manufar giya na Lesotho da Malawi da Uganda da Botswana kusan kalma da kalma iri ɗaya ne, kuma bayanan da kwamfuta ke ajiyewa a bayan takarda sun nuna daga hannun wani jami'in kamfanin giya na SABMiller suka fito. A gida ma mun ga ƙarfinsu. A 2018 aka yi yarjejeniya da masu masana'anta cewa cikin shekara 5 za a daina ƙulla giya a leda da ƙananan kwalabe. Da NAFDAC ta tashi aiwatarwa a farkon 2024, aka yi ta zanga-zanga har aka ƙara wa'adi. Wannan 'yar leda ita ce wadda yaro ke sakawa a aljihun wandon makaranta, ita ce ake rataye wa direba a tasha da sunan maganin basir ko maganin sanyi. Ku duba yadda za ta kasance ranar da mai rataye ta zai iya cewa jami'ar ƙasarmu ce ta tabbatar kaɗan ɗin na da amfani.

Na san wasu daga cikin mutanena za su ce, giya haramun ce, me ya haɗa mu da wannan? Haramcinta ban yi jayayya da shi ba. Amma ni na wanke aman jini da hannuna, na zuƙe ruwa daga cikin mutanen da ba a taɓa ganinsu da kwalba ba. Kuma motar da mashayi ya tuƙa ba ta tambayar addinin wanda ta buge. Ƙasar ma ta kowa ce, akwai miliyoyin 'yan uwanmu da addininsu bai hana su ba, su ma suna da haƙƙin a gaya musu gaskiya.

Akwai kuma asarar da ta fi ta hanta wuyar warkewa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya shafi yara kimanin 200 a Kano. Yara 11 suka rasu, kamfanin ya ce sanƙarau ne ya kashe su, daga baya kuma ta bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna bayan an gama gwajin aka rubuta ta. Bayan shekara 7, a 2003, Kano ta dakatar da rigakafin shan inna har zuwa tsakiyar 2004, cutar ta koma ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Ina cikin waɗanda suka bi gida-gida a waɗannan shekaru, an rufe mini ƙofa a fuska, kuma sunan da iyaye suke kira mini shi ne Trovan. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Shekara da shekaru muka yi muna lallashi kafin yarda ta dawo. Idan gobe aka ji cewa wani asibitin koyarwa ya karɓi kuɗin kamfanin giya yana ba mutane ita da sunan bincike, abin ba zai tsaya a kan wannan asibiti ba. Mai rigakafin ƙyanda da ungozoma da mai ɗaukar jini su za su biya.

Hujjar da ta fi ƙarfi a ɗaya ɓangaren ita ce talauci, kuma ban raina ta ba. Na ga matasan likitoci masu kaifin ƙwaƙwalwa suna sayen kayan gwaji da albashinsu. Wanda aka zo masa da dala, da alkawarin sunansa zai fito a babbar mujalla, ba mugu ba ne in ya miƙa hannu. Shi ya sa bai kamata a bar masa wannan hukunci shi kaɗai a ofishinsa ba. In hukumar da ta fi kowa kuɗi a duniya ta zame, ina ga sashen da ke jiran wutar janareta? Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ko da bai yi niyya ba ranar da ya karɓa.

Ranku ya daɗe, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba ku ikon shimfiɗa ƙa'ida da yi wa kwamitocin ɗa'a na jami'o'i da asibitoci rajista da bin diddiginsu. Da wannan iko muke roƙonku.

Roƙonmu na farko kuma mafi girma: ku sa a cikin kundin ƙa'idojinku, da kalmomin da ba sa bukatar fassara, cewa babu kwamitin ɗa'a a ƙasar nan da zai amince da bincike a kan giya da lafiya idan kuɗinsa daga mai yin giya ko mai rarraba ta suka fito. Ku haɗa da gidauniyoyinsu da ƙungiyoyin da suka kafa, da duk wani hannu na uku da kuɗin za su bi, domin a MACH15 an ce akwai katanga, kuma an riga an gama magana kafin a gina ta.

Muna roƙon ku buɗe fayil ɗin ɓangaren Najeriya na wancan gwaji ku sanar da jama'a abin da ke ciki: wane kwamiti ya duba shi, mutum nawa aka ɗauka a nan, me aka gaya musu game da masu biyan kuɗi, wa ya bi lafiyarsu bayan an soke aikin. Ba don a tozarta kowa ba. NIH ta wallafa nata rahoton duniya ta karanta, mu ma a yi mana haka.

A kowane irin bincike, ba na giya kaɗai ba, a rubuta sunan mai biyan kuɗi a shafin farko na takardar yarda, a karanta wa mutum da harshen da yake ji, ba a binne shi a shafi na tara cikin Turanci ba. Ku kuma buɗe rajista a intanet da kowa zai iya dubawa, mai nuna wa ya biya kowane bincike, da irin alaƙar kuɗi da masu binciken ke da ita da kamfanoni, har da kuɗin jirgi da na otal da na lacca, domin ta nan abin ke farawa.

Ku umurci kwamitoci su riƙa tambayar abin da aka bari a waje. Wace illa ce ba za a ƙirga ba, don me? Shekarun sun isa a gan ta? Su waye aka cire, kuma su waye za a yi wa shelar sakamakon? Su karanta yarjejeniyar kuɗin da idonsu, su ƙi duk wadda ta ba mai kuɗi damar ganin sakamako kafin a wallafa ko hana wallafa shi.

Sai maganar inda kuɗi za su fito, tunda ba daidai ba ne a rufe wa mai ƙishi rijiya a bar shi haka. Muna da misali a gida: TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, harajin kamfanoni ne, amma kamfanin da ya biya ba ya zaɓen malamin da za a ba, ba ya zaɓen tambayar da zai yi. Ƙasar Tailan ta yi irin wannan tun 2001, ta ɗora ƙarin kashi 2 cikin 100 a kan harajin giya da taba, kuɗin suna shiga wata gidauniyar inganta lafiya da masana'anta ba ta da iko a kanta. Ku ba Ministan Lafiya shawara a rubuce cewa a ware wani kaso na harajin giya a yi haka. Tambayoyin da muke bukatar amsarsu suna nan jibge ba mai ɗaukar nauyinsu: nawa ne cikin gadajen asibitocinmu giya ta cika, me ke cikin ogogoro da haɗe-haɗen da ake sayarwa a tasha, yaya giya ke haɗuwa da ciwon hanta nau'in B da ya yi mana katutu, a wace shekara yaranmu ke fara kurɓa.

Muna roƙon amsarku ta fito a bainar jama'a, da Hausa da sauran harsunan ƙasa, yadda waɗanda na ambata a farko za su ji ta a rediyo. Idan kuna son jin ƙarin bayani daga bakin waɗanda suka yi wannan jinya, mu shida mun yi shawara za mu zo Abuja da kuɗin motarmu duk ranar da kuka sa mana. Matar yayana ta ce za ta biyo mu. Takardar nan da ya yanko daga jarida tana wurinta, a cikin jakarsa ta same ta.

Allah ya ƙara girma, ya yi muku jagora.

Taku cikin girmamawa,
Ma'aikaciyar jinya mai ritaya,
a madadin abokan aikinta da iyalan da suka yi jinya,
Kaduna.